Ciwon Dunduniya: Abin da Wayarka, Takalminka da Na'urorin Asibiti Ke Faɗa a Kai

An kira assalatu, ka sauko da ƙafa daga gado za ka yi alwala, kana takawa sai ka ji kamar an kafa maka ƙusa a tsakiyar dunduniya. Ka dafa bango, ka ɗingisa zuwa wurin buta. Kafin ka isa masallaci zafin ya lafa, har ka manta da shi. Da azahar, bayan ka ɗan zauna ka ci abinci, kana miƙewa sai ga shi ya dawo. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Duk wanda ya san wannan yanayi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A birni irin Sakkwato, inda dubban mutane ke neman abinci a tsaye, daga mai POS a bakin Titin Ahmadu Bello zuwa 'yan tireda a Babbar Kasuwa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ciwon dunduniya ba baƙo ba ne. Wasu kan ce sanyi ne, wasu su ce an taka wani abu, wasu kuma su nufi kemis a haɗa musu ƙwayoyi.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa shafin fasaha da ciwon ƙafa? Abubuwa da yawa. Wayar da ke aljihunka tana ƙirga takunka ko ka sani ko ba ka sani ba. Agogon da ke hannunka yana zuga ka ka cika taku 10,000. Shagunan intanet cike suke da na'urorin tausa da shimfiɗun takalmi da ake cewa suna warkar da ciwon cikin kwana uku. A asibiti kuma, na'urori ne ke raba gardama kan abin da ke damun ƙafar. A yau za mu duba abin da ke jawo ciwon, sannan mu tantance wace na'ura ce ke da amfani, wace ce kuma asarar kuɗi.

Yadda aka gina ƙafar

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Mafi girma a cikinsu shi ne ƙashin dunduniya, kuma shi ne ke fara karɓar nauyin jiki a duk takun da aka yi. A ƙarƙashinsa akwai wani matashi na kitse mai kaurin santimita 1 zuwa 2, wanda aikinsa ya yi kama da na shokazoba a babur: ya shanye girgiza kafin ta kai ga ƙashi.

Daga wannan ƙashi kuma wani tantani mai kauri da ƙarfi ya tashi, ya bi tafin ƙafa har zuwa gindin yatsu. Ka ɗauke shi kamar tsirkiyar baka: ƙasusuwan ƙafa su ne bakan, shi kuma tantanin shi ne igiyar da ta ɗaure bakin nan biyu don kada bakan ya baje. A 1954 wani likita ɗan Ingila, J. H. Hicks, ya bayyana yadda abin ke aiki. Duk lokacin da ka ɗaga dunduniya za ka ci gaba, yatsu kan lanƙwashe sama, su ja tantanin ya ɗame, tafin ƙafa ya yi tauri ya tura ka gaba. Za ka iya gwadawa yanzu: ja babban yatsanka sama da hannu, ka shafa tafin ƙafarka, za ka ji igiyar ta miƙe.

A tafiya ta yau da kullum, kowane taku yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya kai na jikinka ko ya ɗan fi. A guje kuwa yakan ninka sau 2 zuwa 3. Kilomita ɗaya kuma taku ne kusan 1,300. Ka lissafa da kanka nawa wannan igiya ke ɗauka daga safe zuwa dare.

Babban mai laifi

Mafi yawan ciwon da ake ji a ƙasan dunduniya daga wannan tantani yake. Likitoci na kiran matsalar falanta fashiyaitis. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 1 cikin 10 zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60. A Amurka kaɗai ana duba mutum kusan miliyan 2 a kanta kowace shekara.

Abin da ke faruwa shi ne, idan aiki ya fi ƙarfin tantanin, sai ya riƙa samun ƙananan tsagewa a daidai inda ya manne da ƙashi. Jiki na ƙoƙarin gyarawa, kai kuma kana ƙara ɗora masa kaya kafin gyaran ya kammala. Shi ya sa takun farko na safe ya fi zafi. Da dare ƙafa na saki, yatsu su kalli ƙasa, tantanin ya takure. Kana takawa da asuba sai ka finciko shi lokaci guda.

An daɗe ana ɗauka kumburi ne zalla. Amma a 2003 Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka sun duba naman da aka yanko daga ƙafafun marasa lafiya 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar lalacewar zaren tantanin ce, ba alamun kumburi ba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mutum zai yi wata da watanni yana shan maganin kumburi, zafin ya lafa na 'yan awoyi ya dawo. Maganin yana rufe bakin ciwon ne kawai, bai gyara igiyar ba.

A wannan shekarar dai, Daniel Riddle da tawagarsa a jihar Bajiniya sun kwatanta masu ciwon da marasa shi, suka fito da abubuwa uku da ke ƙara haɗari: taurin idon sawu, wato mutum ya kasa lanƙwasa ƙafarsa sama sosai saboda agara da naman sharaɓa sun ɗame, ƙiba, da kuma yin mafi yawan lokacin aiki a tsaye. Taurin idon sawu shi ne ya fi sauran tasiri nesa ba kusa ba.

Me ya sa abin ya shafi Sakkwato

Ɗauki waɗannan abubuwa uku ka ɗora su a kan rayuwar birnin. Tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sana'ar POS ta bazu a kowane lungu, daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo, kuma da yawa daga masu yin ta a tsaye suke wuni ko a kan dandamalin siminti. Mai sayar da waya da caja a bayan kanta haka. Mai aski haka, mai suya haka, uwargida a madafa haka.

Sai maganar daɓe. Iyaye da kakanni sun yi rayuwa a kan ƙasa da rairayi, waɗanda ke ɗan nutsawa idan an taka. Gidajen yanzu tayil ne da siminti, waɗanda ba sa sassauta wa ƙafa ko kaɗan, kuma a cikin gida ba takalmi ake yawo.

Sai takalmi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ba mai son rufe ƙafarsa a cikin sau-ciki. Silifa da buɗaɗɗen takalmin fata su ne abin sawa. Fatar kuwa ba a magana: jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin da ayari ke ƙetara Sahara da fatunta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Matsalar ba a fatar take ba, a ƙasan takalmin take. Da yawa shafal yake, siriri, babu tudu a dunduniya, babu abin da ke tallafe tsakiyar tafin ƙafa. Silifar roba kuma da ta sha rana da tafiya takan lotse ta ɓangare ɗaya, ƙafa ta riƙa karkata ba tare da mai ita ya lura ba.

Akwai kuma alhazai. Wanda a gida daga mota sai ofis, ko daga kabu-kabu sai shago, ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, cikin 'yan kwanaki ya sami kansa yana ɗawafi da sa'ayi a kan marmara. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa bakwai, sun haura kilomita 3, ban da tafiyar masauki zuwa Harami da ta jifa a Mina. Ƙafar da ba ta saba ba, aka ɗora mata wannan a mako ɗaya, ba abin mamaki ba ne ta dawo gida da tsarabar ciwon dunduniya.

Ba kowane ciwon dunduniya ne tantani ba

Nan ne ya kamata a yi hattara, domin maganin wani ba shi ne na wani ba.

Matashin kitsen nan yakan sirance da tsufa, ko bayan yawan allurar sitiroyid a wurin. Mai wannan matsala yana jin zafin a tsakiyar dunduniya kamar ya taka dutse, kuma ya fi tsanani idan yana tafiya ba takalmi a kan tayil, ba lallai da safe ba.

Ƙashin dunduniya kansa yakan yi ƙaramar tsagewa saboda yawan aiki, musamman ga sababbin kurata a aikin soja ko ɗan sanda da masu fara gudu da ƙarfi. Alamarsa ita ce idan an matse dunduniyar ta gefe da gefe sai a ji zafi, kuma tafiya ƙara shi take yi, ba rage shi ba.

Jijiyar da ke kai saƙo tana iya matsewa a gefen idon sawu ko a ƙarƙashin dunduniya. Wannan yakan zo da raɗaɗi kamar wuta, ko jin kamar kiyashi na tafiya, ko mutuwar wurin. Ciwon baya ma kan iya turo zafi har dunduniya.

Yara masu shekara 8 zuwa 14, musamman masu buga ƙwallo ba takalmi a busasshen fili, suna da nasu: wurin da ƙashin ke girma ne agara ke ja. Yakan wuce idan girman ƙashin ya kammala, amma yana son hutu da takalmi mai laushi.

Idan dunduniya biyu ne ke ciwo a jikin matashi, ga kuma taurin baya da safe ko kumburin wasu gaɓoɓi, ana iya zargin ciwon gaɓoɓi na cikin jiki, wanda maganinsa daban ne. Sai kuma na fata, waɗanda muka fi sani: faso da kaushi a lokacin hunturu, da ƙaya ko kwalba da ta karye a ciki aka manta.

Wani abin lura: maganin sifurofulokzasin da danginsa, da ake yawan sha don taifot, suna iya raunana jijiyoyin da ke haɗa nama da ƙashi, musamman agara. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kwalinsu. Wanda ya fara jin ciwo a bayan dunduniya yana cikin shan irin wannan magani, ya koma wurin likita da gaggawa.

Wayarka shaida ce

Kusan kowace wayar zamani, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko iPhone, tana ɗauke da wani ɗan guntun abu da ke jin motsi da girgiza. Shi ne ke juya hoton allo idan ka kwantar da wayar, kuma shi ne manhajoji irin su Samsung Health da Google Fit da Health ta Apple ke amfani da shi wajen ƙirga taku. Agogunan Oraimo da Xiaomi da makamantansu ma da shi suke aiki.

Amfanin wannan ga mai ciwon dunduniya ba ƙarami ba ne. Tambayar farko da likita zai yi maka ita ce: me ya canja kafin ciwon ya fara? Yawancin mutane kan ce ba komai. Amma ka buɗe manhajar ka duba wata biyu baya. Idan ka ga kana yin taku 3,000 a rana, sai kwatsam ya koma 11,000 a makon da ka fara zagaye a filin wasa na Giginya ko ka sauya wurin aiki, to ga amsar nan a fili. Tantanin ba tafiya ya ƙi ba, ƙarin kaya na farat ɗaya ya ƙi.

Wannan ya kawo mu ga lambar nan ta 10,000 da agogo ke yi maka murna idan ka cika. Ba daga ɗakin bincike ta fito ba. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da wata na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya zama doka a duniya. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi diddigin tsofaffin mata sama da 16,000, ta tarar amfanin tafiya ga tsawon rai ya bayyana tun daga taku 4,400 a rana, kuma ya daina ƙaruwa a wajen 7,500. Saboda haka mai ciwon dunduniya bai yi asarar komai ba idan ya shiga saitin agogonsa ya rage burin, sannan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako.

Sai dai na'urar tana da makanta. Ba ta ƙirga tsayuwa. Mai POS zai wuni awa tara a tsaye, wayarsa ta nuna taku 2,000, alhali ƙafarsa ta fi ta mai taku 8,000 wahala. Haka kuma girgizar babur a kan hanya mai gargada kan sa agogo ya ƙirga takun da ba a yi ba. Kuma babu wata manhaja da za ta iya gaya maka wane irin ciwo ke damunka. Ta ba ka tarihi, fassarar kuma ta likita ce.

Na'urorin asibiti, da tatsuniyar ƙashin da ya tsiro

A mafi yawan lokuta likita ba ya buƙatar na'ura. Labarin takun farko na safe, da zafin da ake ji idan ya danna gefen ciki na dunduniya, sun isa. Ana neman hoto ne idan ciwon ya ƙi ji ko ana zargin wani abu daban. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Gawon Nama, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Wasu kuma kan wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Hoton eksire yana nuna ƙashi ne, ba tantani ba. Sau da yawa yakan nuna wani ɗan tsini kamar ƙaya a ƙasan ƙashin dunduniya, majinyaci ya gani hankalinsa ya tashi, ya ce ai ga ƙusar da ke sukarsa. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce mutum 1 cikin 10 na da wannan tsini, amma 1 cikin 20 ne kawai daga masu shi ke jin ciwon ƙafa. Tsinin a kwance yake yana kallon yatsu, ba ƙasa yake kallo ba, kuma ana warkewa sarai yana nan daram. Don haka kada ganin hoton ya sa ka fara tanadin kuɗin tiyata.

Na'urar da ta fi dacewa da tantanin ita ce ta sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Lafiyayyen tantani bai cika wuce milimita 4 a kauri ba. Idan ya haura haka a daidai dunduniya, alama ce mai ƙarfi. Aikin minti kaɗan ne, babu tururin haske mai cutarwa, kuma ya fi MRI sauƙin kuɗi ƙwarai. Fasahar ma tana ƙara ƙanƙancewa: a 2017 aka amince da Butterfly iQ a Amurka, na'urar sikanin da ke shiga aljihu, ana jona ta da waya hoton ya fito a allo. MRI kuwa ana ajiye shi ne don lokacin da ake zargin tsagewar ƙashi ko matsewar jijiya.

Ga ciwon da ya wuce wata shida bai ji magani ba, akwai na'urar bugun sauti mai ƙarfi. Asalinta ta fasa tsakuwar ƙoda ce, wadda aka fara amfani da ita a birnin Munik na Jamus a 1980. Daga baya aka rage ƙarfinta, a 2000 Amurka ta amince a yi amfani da ita ga ciwon dunduniya. Tana taimaka wa wasu, ba kowa ba, kuma ba ita ake farawa da ita ba.

Kayan da ake tallatawa: wanne za a saya?

Shimfiɗar cikin takalmi. Yanzu akwai kamfanonin da ke ɗaukar siffar ƙafarka da kyamara, su buga maka shimfiɗa da injin ɗab'i na 3D, a farashi mai tsada. A 2006 Karl Landorf da abokan aikinsa a Ostireliya sun gwada mutum 135: wasu aka ba su shimfiɗar da aka yi musamman don ƙafarsu, wasu ta kanti, wasu ta bogi. Ta musamman da ta kanti sun ɗan taimaka a wata uku na farko, kuma babu wadda ta fi wata. Darasin a bayyane yake: fara da mai araha. Matashin dunduniya na silikon ma yana da amfani, musamman ga wanda kitsen ƙafarsa ya sirance.

Bindigar tausa. Tana iya sassauta naman sharaɓa, kuma sassaucin sharaɓa na rage jan da ake yi wa tantanin. Amma kada a ɗora ta a kan ƙashin dunduniya ko inda ke ciwo kai tsaye. Abin da take yi wa tafin ƙafa, ƙwallon tanis ko kwalbar lemo za su yi maka kyauta.

Takalmin barci, wato abin da ake ɗaurawa da dare ya riƙe ƙafa a miƙe don kada tantanin ya takure. Dabarar ta yi daidai da yadda ciwon yake, kuma yana rage zafin asuba ga wasu. Sai dai a daren bazarar Sakkwato, ga shi an ɗauke wuta, ba kowa ne zai iya kwana da shi ba.

Silifa mai ƙusoshin roba, shimfiɗa mai maganaɗisu, da filastar da ake liƙawa a tafin ƙafa wai tana zuƙe guba: riƙe kuɗinka. An gwada shimfiɗar maganaɗisu ga masu ciwon dunduniya, ba ta fi marar maganaɗisu ba.

Shi kuwa takalmi, ga gwaji mai sauƙi kafin ka biya. Kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa: ya kamata ya karye a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar kana matse wanki: idan ya murɗe ba gardama, ba zai tallafe ka ba. Dunduniyarsa ta ɗan fi gaba tudu. Kuma ba dole ne ka rabu da takalmin gida ba. Kai wa baduku ya ƙara maka roba mai laushi da ɗan tudu a dunduniya, ya sa maɗauri a baya. Ga 'yan gudu, soson kambas kan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na ƙyalli, kuma manhajoji irin su Strava na iya riƙe maka wannan lissafi.

Abin da ya fi aiki ba ya cin batir

Labari mai daɗi shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon tantani suna samun sauƙi cikin kimanin wata 10 ba tare da tiyata ba. Marar daɗin shi ne wata 10 ɗin, domin ciwo ne mai son haƙuri.

Kafin ka sauko daga gado, ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, kama yatsun ka ja su sama har ka ji tantanin ya ɗame. Riƙe daƙiƙa 10, ka maimaita sau 10, sau uku a rana. Wannan shi ne motsin da Benedict DiGiovanni ya gwada a 2003 aka ga amfaninsa. Sai ka dafa bango, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, ka ja sharaɓa.

Daga Denmak kuma, Michael Rathleff ya gwada wata hanya a kan mutum 48: a tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, a naɗe tawul a sa a ƙarƙashin yatsu, a ɗaga dunduniya a hankali, a dakata, a sauke a hankali, ana yi ana tsallake kwana ɗaya. Bayan wata uku masu yin haka sun fi masu miƙa tantani kawai samun sauƙi. Wanda ciwonsa ke da zafi ya fara da ƙafa biyu. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi su ne suka fi dacewa su nuna maka yadda ake yi.

Nan wayar za ta sake amfani. Sa ƙararrawa ta tuna maka motsa jikin. Buɗe manhajar rubutu, kowace safiya ka ba zafin takun farko maki daga 0 zuwa 10, ka ajiye kusa da adadin takun jiya. Bayan wata guda za ka ga iyakar abin da ƙafarka ke iya ɗauka, kuma ka sami abin nuna wa likita. Mai aiki a tsaye ya nemi doguwar kujera, ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri ko kwali ninki biyu a inda yake tsayawa. A cikin gida a sa silifa mai kauri. Da yamma a mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa na minti 10 zuwa 15.

A yi hattara da haɗin ƙwayoyin da ba a san me ke ciki ba. Yawan shan dikulofenak da ibufurofen na taɓa ciki da ƙoda, balle a garin da ake zufa kamar Sakkwato. Allurar sitiroyid a dunduniya tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma maimaita ta na iya tsinka tantanin ko narkar da matashin kitse, wanda ba ya dawowa. Tsaga da sakiya kuma ba sa kaiwa inda ciwon yake, sai dai su bar rauni a wurin da ke shan ƙura kullum.

Lokacin da ba a jira

Ka tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan ka kasa taka ƙafar sam, ko ka ji wani abu ya tsinke, ko ciwon ya biyo bayan faɗowa daga sama. Haka nan idan dunduniyar ta kumbura ta yi ja da zafi ga zazzaɓi, musamman ga mai sikila, ko ciwon na tashe ka daga barci, ko wurin ya mutu ba ka jin taɓawa. Idan kuma ka yi mako biyu zuwa uku kana bin matakan nan babu ko alamar sauƙi, a duba.

Mai ciwon suga nasa ya fi na kowa. Ciwon kan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko ya ƙone a kan simintin masallaci da azahar bai ji ba, ƙaramin faso ya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Kada ya sa ƙanƙara, kada ya sa na'urar ɗumama ƙafa ko bindigar tausa, kada ya yanke kaushi da reza. A ƙasashen waje har safa da tabarma masu auna ɗumin ƙafa ake yi, domin an gano bambancin digiri 2.2 tsakanin ƙafa da 'yar'uwarta na iya zama gargaɗin gyambo kafin ya fito. Kafin su iso kasuwanninmu, akwai na'urar da kowa ke da ita: kowane dare ka kunna fitilar waya, ka ɗauki hoton tafin ƙafarka, ko ka sa ɗanka ya ɗauka maka, ka duba da kyau. Ka ga wani sabon abu, gobe ka kwana a layin likita.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa ita sauƙi.